Yadda Ake Rubuta wa Yara Labarin Ɓata a Daji, Daga Shafin Farko Zuwa Maɗaba'a

Tun da na karanta wa 'yan aji biyar wani ɗan labarina na yara uku da suka yi kwana uku a daji, labarin kuma ya zaga hannun malamai, tambaya ɗaya ake ta jefo mini a makaranta da bakin masallaci da ta waya: "Malam, ta ina ake farawa?" Wasu malaman firamare ne, wasu iyaye mata ne da ke son 'ya'yansu su saki waya su riƙi littafi, wasu kuwa marubuta ne da suka gaji da falo da ɗakin amarya. Amsa guntu-guntu ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Babba in ya karanta labari ajiyewa yake yi, yaro kuwa gwadawa yake yi. In ka rubuta cewa jarumarka ta tsotse dafin maciji da baki, ka sani akwai wata 'yar shekara goma a Kurna ko Ɗorayi da ta haddace wannan, tana jiran ranar da za ta yi aiki da shi. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka doru.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai bango mai tauri da biro. Waya mai naɗar murya. Madannin rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, Gboard yana da na Hausa, kyauta ne. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, don warware gardamar kalma. Goro da ɗan abin shan shayi na dattawan da za ka zauna da su. Sai yara biyar zuwa goma waɗanda ba 'ya'yanka ba, da za ka gwada labarin a kansu.

1. Tsayar da shekarun mai karatu

Irin wannan labari ya fi kama 'yan shekara 8 zuwa 12. Ƙasa da haka tsoro zai fi daɗi yawa, sama da haka kuma za su raina shi. Ka nufi kalmomi 6,000 zuwa 8,000, a babi 10 ko 12, kowane babi abin da za a karanta a fili cikin minti biyar ko shida. Da zane-zane, wannan zai ba ka shafi 48 a ƙaramin littafi mai girman rabin takardar A4.

Gargaɗi: ka bar al'adar nan ta "mu haɗu a littafi na biyu". Babba zai koma kasuwa ya saya, yaro ba shi da kuɗin. Ka fito da yaran daga daji a cikin littafi ɗaya.

2. Zaɓi daji, sannan ka zaɓi wata

Ga marubucin Kano, dajin Falgore ne a kusa. Yana kudancin jihar, tafiyar kimanin kilomita 150 a kan hanyar Jos, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar Tiga, can gaba kuma ga duwatsun Riruwai. Ba dole ne ka kira sunansa ba. Kana iya ƙirƙirar ƙauyenka da rafinka, amma itatuwa da yanayi su zama na gaske.

Watan da ka zaɓa shi zai gaya maka wane ne abokin gabar yaran. In bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, rafuka sun ƙafe, ƙishirwa ce dodon labarin, abin ci kuwa ɗorawa ce da ragowar kuka da tsamiya. In damina ce, musamman Agusta, ruwa ya wadata amma shi ne haɗarin: rafin da aka tsallake da safe da ƙafa ya cika ya batse da la'asar, ciyawa ta fi yaro tsawo, ga sauro, itace kuma jiƙe yake ba ya kama wuta. In kaka ce zuwa hunturu, daji ya zama kanti, ga ɗinya, ga kanya, daga baya ga magarya da aduwa, amma sanyin dare yana shiga ƙashi, hazo yana rufe rana, busasshiyar ciyawa kuma jiran tartsatsi ɗaya take yi.

Ni na fi son bazara ga mai farawa, don gorar ruwa guda ɗaya tak ta isa ta riƙe labari daga farko har ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka haɗa 'ya'yan itacen watanni daban-daban a rana ɗaya. A rubutuna na farko yarana sun ci ɗinya a watan Afrilu, sannan suka fake wa ruwan sama a ƙarƙashin gawo mai ganye luf-luf. Ɗinya sai ƙarshen damina take nuna, gawo kuwa shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani. Ɗan birni ba zai lura ba, amma ɗan Rano ko Kibiya zai rufe littafin yana dariya.

3. Je ka zauna da masu dajin

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke raba labari mai ƙamshin ƙasa da wanda aka rubuta a kan katifa. Nemi maharbi, da makiyayi, da mai ɗiban zuma, da tsohuwar da ta girma tana zuwa itace. Ba sai ka yi nisa ba, Kano cike take da su: masu gadi, masu faskare, masu sayar da saiwoyi a Kasuwar Kurmi. Ka yi sallama, ka ajiye goro, ka nemi izini kafin ka kunna naɗar murya. Kada ka ce "ba ni labarin daji", za ka sha labarin aljanu har magariba. Yi tambaya ƙarama mai baki ɗaya.

Wani dattijo maharbi da ke gadi a unguwarmu na tambaya, "Baba, in yaro ya ɓata da bazara, me zai fara nema, ruwa ko?" Ya dube ni ya ce, "A'a Malam, inuwa. Ruwa sai rana ta yi sanyi." Wannan amsa ita ta sake mini tsarin babi uku.

Ka kuma yi yini ɗaya a gidan zu na Audu Bako da littafinka a hannu. Dubi yadda kura ke tafiya da ƙugu a ƙasa, yadda gwaggon biri ke hamma ya nuna haƙora, yadda kada ke kwanciya kamar gungume. Kuɗin shiga bai kai na kwanon abinci mai kyau ba.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, kada ka ɗauki jaka ka nufi daji da sunan bincike. Halin tsaron dazuzzukanmu ba ɓoyayye ba ne. In har za ka leƙa ƙauyukan gefen daji, ka bi ta hannun dagaci ko mai unguwa, da rana, tare da ɗan gari. Na biyu, maharbi gwani ne a kan sawu da iska da itace, amma duk abin da ya faɗa maka na magani, kai wa ma'aikacin lafiya ya duba kafin ya shiga littafin yara.

4. Haɗa yaran

Uku ko huɗu. Biyu sun yi kaɗan a yi rigima mai ɓangare, biyar kuma mai karatu zai manta sunaye. Kowane yaro ka ba shi abu ɗaya da ya iya wanda sauran ba su iya ba, da abu ɗaya da ke kayar da shi.

Ga yadda na raba nawa. Babbarsu 'yar shekara 12 ce, 'yar birni, ta koyi taimakon gaggawa a makaranta, amma ba ta jin shawara, ita ce Yaya, magana ta ƙare. Na biyu ɗan baffanta ne daga ƙauye, mai kiwon awaki, ya san kowane itace da sunansa, amma an saba ce masa baƙauye har ya koyi yin shiru ko da ya san gaskiya. Na uku ƙaninta ne ɗan shekara 8, matsoraci, ga kuka, amma kunnensa kamar na zomo, kuma ba ya manta abin da ya gani a hanya.

Gwajin yana da sauƙi: ɗauki biro ka soke yaro ɗaya. In sauran za su iya fita daga dajin ba tare da shi ba, to ba ɗan tafiya ba ne, kaya ne. Koma ka ba shi aiki ko ka bar shi a gida.

Gargaɗi: kada yarinya ta zama mai kuka da dafa abinci kawai, kada ɗan ƙauye ya zama abin dariya, kada kuma wata ƙabila ta zama ita ce mugun labarin. Ajin da za a karanta littafinka akwai kowa a ciki.

5. Ɓatar da su, ka lalube aljihunsu

Kana bukatar raba su da manya ba tare da ka kashe kowa ba. Mota ta lalace a hanyar Jos, direba na ƙarƙashinta, yara suka bi garken zabi "nan kusa". Ko akuya ta tsinke suka bi ta. Ya fi kyau ɓatan ya zama da ɗan laifinsu a ciki, don daga baya a sami abin zargin juna. Wayar hannu kuwa ka gama da ita a shafin farko: tana jakar uwa a mota, ko cajinta ya mutu wajen wasa.

Daga nan rubuta duk abin da ke jikinsu a takarda ka liƙa a bangon da kake kallo. Nawa: gorar roba rabi da ruwa, kwalin ashana mai tsinke huɗu, mayafi, reza, ƙuli-ƙuli a ƙullin leda, da gwangwanin madara da ƙaramin ke yin mota da shi. Ba ka da izinin ƙara komai bayan sun shiga daji. Daɗin labarin duka yana cikin yadda abin banza zai zama abin ceto, gwangwani ya koma tukunya, mayafi ya koma matata da tuta da bandeji.

Gargaɗi: abin da ya dace yaron da ya ɓata ya yi shi ne ya tsaya wuri ɗaya a inuwa, ya yi ta kira, ya jira masu nema. Labari kuwa tafiya yake so. Maganin wannan shi ne ka sa ɗaya daga cikinsu ya faɗi gaskiyar ƙarara, "mu zauna a nan za a zo", a ƙi jin maganarsa, a kuma sha wahalar ƙin. Ko ka kawo dalilin da ya tilasta tashi, kamar gobarar daji. Kada mai karatu ya rufe littafin yana ganin yawo ne dabara.

6. Jera wahalhalun yadda suke zuwa

A nan marubuta suka fi kwaɓawa, don kowa da zaki yake farawa. Zakunan da suka rage a Najeriya 'yan kaɗan ne, a Yankari da Kainji ake maganarsu. Abin da ke kayar da yaro a dajinmu ƙanana ne: rana, ƙishirwa, ƙaya, kunama, ƙudan zuma, duhu. Ka bi su a jere.

Inuwa da ruwa su ne na farko. Mutum yakan yi makonni ba abinci, amma ba ya wuce 'yan kwanaki ba ruwa, da zafin bazara ma abin ya fi haka gaggawa. Don haka yaranka su kwanta a inuwar tsamiya ko kanya da tsakar rana, su yi tafiya da sassafe da yamma. Ruwan kuwa su same shi yadda mutanen karkara ke samu: a busasshen rafi, a gwiwar da ya karya kwana, wurin da ya fi zurfi, a tona rairayi da hannu da gwangwani har ya fara danshi, a jira ya tsattsafo. Alamun da za su kai su can su ne layin itatuwa masu kore a tsakiyar bushewa, da kurciyoyin da ke nufar gefe ɗaya da yamma, da ɗanyen kashin shanu. A tace da mayafi, sannan a tafasa a gwangwani. Ka rubuta tafasawar a fili, ka sa Yaya ta hana ƙaninta sha kafin ya tafasa, yana kuka tana riƙe da hannunsa. Tacewa datti take cirewa, ba ta kashe ƙwayar cuta.

Sai wuta. Tsinken ashana huɗu agogon labarinka ne. Na farko iska ta kashe, na biyu ya kama, na uku ya karye, na huɗu kowa ya riƙe numfashi. Kada ka sa yaron birni ya murza itace biyu wuta ta tashi, ƙwararru ma gumi suke yi a kan haka. In kana son ƙyastu, ka nuna shi a aljihun yaron nan mai kiwon awaki tun babi na ɗaya. Su share ciyawa kewaye da murhun kafin su kunna, su kashe da ƙasa kafin su tashi. Da rana a zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya yi kauri a hango daga nesa.

Abinci ya zo daga baya, kuma ka tsaya a kan abin da kowane yaron Hausa ya san kamarsa: garin ɗorawa, kuka, tsamiya, goruba, magarya, kanya, gwargwadon watan da ka zaɓa.

Gargaɗi mai nauyi: ban da naman kaza, ban da saiwar da ba a sani ba, ban da maganar nan ta "duk abin da biri ya ci mutum ma zai ci", ƙarya ce. Ya ma fi amfani ka sa ƙaramin ya miƙa hannu ga 'ya'yan bini-da-zugu ko zaƙami, ɗan baffansa ya buge hannun. Ruwan tumfafiya kuma kada ya kusanci ido. Shafi ɗaya irin wannan ya fi babi guda na faɗa da namun daji.

Maciji fa? Kububuwa da kasa suna nan, sarar kububuwa ce ma ta sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar waɗanda maciji ya sara. Shawarata ita ce macijin ya zo ya wuce bai sari kowa ba, yaran su daskare a tsaye har ya shige. Sara a wurin da ke da nisan kwana biyu da asibiti, ko dai mutuwa ce ko kuma ka yi wa yara ƙarya. In ka nace sai an yi sara, to ya faru dab da fitowa, kuma a yi abin da ya dace: ba ɗaure ƙafa tamau, ba tsagawa da reza, ba tsotsa. A kwantar masa da hankali, a hana ƙafar motsi da karan itace, a ɗauke shi, a nufi asibiti inda ake da allurar dafi. Don raunin tsakiyar labari, targaɗe ko ƙaya ko harbin kunama sun ishe ka. Ka sa su riƙa kakkaɓe takalmi kowace safiya.

Hanya ita ce ta ƙarshe. Rana na fitowa gabas, Gamzaki ma a gabas yake bayyana kafin asuba a lokutan da ake ganinsa. Da shi za su kama alƙibla, su yi taimama su yi salla, tunda ruwan gorar na sha ne. Wannan ɗan wurin yakan taɓa iyaye fiye da yara, na lura.

7. Sa jarumtaka a inda take

In yaro bai ji tsoro ba, babu jarumtaka, wauta ce kawai. Saboda haka tsoron za ka fara nunawa, a jiki: gwiwa na rawa, baki ya bushe, fitsari ya matsa. Sannan ya yi abin duk da haka. Kuma abin ba sai ya zama babba ba. A labarina wuri uku ne yara suka fi yin tsit in ana karantawa, babu ɗaya da aka yi faɗa a ciki. Inda matsoracin ya karɓi gadin wuta shi kaɗai cikin dare don sauran su runtsa. Inda ɗan ƙauyen ya buɗe baki karo na farko ya ce, "Yaya, hanyar nan ba ita ba ce." Da inda Yayar ta yi shiru, ta haɗiye girmanta, ta ce, "To wuce gaba, mu bi ka."

Tsakiyar littafin kuwa rigima ce. Dole su ɓata da juna, har su kusa rabuwa. Mafi sauƙin dalili shi ne ruwa: an wayi gari gorar ta ragu, wa ya sha? Bari zargin ya faɗa kan wanda bai yi ba. Bari mai laifin ya yi yini guda yana ɗauke da abin a ransa kafin ya faɗa. Haɗin kan da ba a gwada shi da irin wannan ba, yaro ba ya yarda da shi, don ya san yadda suke yi da 'yan'uwansa a kan ƙosai ɗaya.

Bayan sulhu sai a ga rabon aiki a aikace. Ɗaya na tono, ɗaya na kwashe rairayi, ɗaya na tsaye yana duban gari. Ana auna ruwa da murfin gora, kowa murfi biyu, mai targaɗe uku.

Gargaɗi: za ka ji hannunka na ƙaiƙayin sa wani yaro ya miƙe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Danne. Yara ba sa magana haka, kuma mai karatu ya riga ya ga jinkar ana ɗauka. Haka nan kada aljani ko tsoho mai farin gemu ya ɓullo ya nuna hanya ya ɓace. Su yi addu'a, sosai ma, amma hannunsu na cikin rairayi suna tono.

8. Fito da su

Ceto ya biyo ta kan wani abu da suka yi da kansu: hayaƙin da suka tayar, ko tsummokaran mayafi da suka riƙa ɗaurawa a rassa, ko burtalin da suka gane suka bi har mashaya. Ni da kunnen ƙaramin na fito da su. Cikin sanyin asuba ya ce yana jin kiran salla, sauran suka ce mafarki yake, sai ga carar zakara. Ka saka gajeren babi ɗaya a tsakiya da ke nuna manya na nema, mai gari ya tara maharba da 'yan sintiri, uwa ta kasa cin abinci, don yaro ya san in ya ɓata ana nemansa. Bayan an gan su, shafi ɗaya ko biyu ya isa. Kofin ruwa, kwanon fura, barci.

9. Gwada shi a gaban yara

Tara yaran nan da ba naka ba, ka karanta musu a fili, babi biyu a zama ɗaya. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. Dubi ƙafafunsu. Inda aka fara wasa da takalmi, sa alama, wurin yankewa ne. In ka tsaya a ƙarshen babi ba wanda ya ce "Malam ci gaba", ƙarshen babin bai yi ba.

Sannan kwafi ɗaya ga ma'aikacin lafiya, ɗaya ka karanta wa maharbinka, ɗaya ga malamin Hausa ya duba ƙa'idar rubutu: raba kalma da haɗe ta, da haruffa masu lanƙwasa. A littafin da kalmar "ɓata" ke kowane shafi, ba ka so ta koma "bata".

10. Zane, tsara shafi da lissafin kuɗi

Zane 10 zuwa 12 baƙi da fari a ciki, ɗaya a kowane babi, bango kaɗai mai launi. Launi a ciki yana ninka kuɗi. Ka yi ciniki da mai zane a kan kowane hoto, ka biya rabi, sauran in ya kawo, ka kuma ba shi hoton kuka da giginya na gaske, in ba haka ba zai zana maka dajin da ya gani a katun. Girman harafi 14, layi da tazara.

Lissafin takarda kai ma za ka iya. Fallen A4 ɗaya in an naɗe shi biyu yana ba da shafi 4, shi ya sa yawan shafukan dole ya kasu huɗu-huɗu ba saura. Shafi 48 falle 12 ke nan. Kwafi 500 falle 6,000, wato rim 12 tunda kowane rim falle 500 ne, ka ƙara ɗaya saboda lalacewa. Da wannan a hannunka ba mai ɗab'in da zai ruɗa ka. Farashin takarda yana bin dala, don haka ka zaga maɗaba'a uku a Sabon Gari a mako ɗaya, kowa ya rubuta maka nasa a rarrabe: takarda, bugun ciki, bango da ledarsa, ɗinkin waya a tsakiya, yanka. Ka haɗa da kuɗin mai zane da mai tsara shafi, ka raba da yawan kwafi. A matsayin misali kawai, a ce komai ya tashi naira 400,000 a kwafi 500, kowane littafi ya tsaya maka 800. In ka sa shi 1,500, mai shago ya cire kashi 30 cikin 100, 1,050 za ta zo hannunka, ribar 250 ke nan, kuma sai an sayar.

Gargaɗi: kai fayil ɗin a PDF, kuma kada a buga sai ka ga kwafin gwaji a takarda ka sa hannu. Na taɓa kai wa wani mai ɗab'i aiki a buɗaɗɗen fayil, kwamfutarsa ba ta da irin harafin, duk ƙ da ɗ suka koma akwatuna. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce ai yara za su gane. Rim huɗu muka yi asara, ni na biya.

11. Rajista da kasuwa

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bango, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, ka nema tun kafin a tsara bango, bayan bugu kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku. A nan Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, aikinta ya shafi littattafai, ka je ofishinsu da kanka ka ji ƙa'idar da ake kai kafin ka kai kaya kasuwa. Ka kuma kusanci Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano, a nan za ka sami masu karanta maka da idon gyara.

Shagunan littattafai na Sabon Gari da Kurmi za su karɓa, amma yawanci sai an sayar a biya, don haka kowane kwafi da ka bari a rubuta a sa hannu. Kasuwar gaske tana makarantu. Nemi shugaban makaranta ya ba ka minti 20 a aji, karanta babi biyu, ka tsaya daidai inda tsinken ashana na uku ya karye, ka bar kwafi ashirin a ofis.

Kada ka buga da yawa a karon farko, ka kuma adana fayil ɗinka wuri biyu, don za a yi gyara. Ni wata uku da fitowar nawa wani ɗan aji huɗu ya tare ni a bakin ƙofa da littafin a buɗe, ya sa yatsa a shafi na 9 da na 37. "Malam, ka ce ashana huɗu ce. Na ƙirga, sau biyar suka ƙyasta." Na karɓa na ƙirga a tsaye. Biyar ce.